Fanka da tamostat a akwatin ƙwaƙwalwar dron: a digiri nawa zan saita?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Nima ne a nan Accra, ina ɗaukar wa masu awon fili hotuna daga sama wajajen Amasaman da Dodowa. Da hannuna na haɗa dron mai farfela shida, batir 6S, ƙwaƙwalwarsa Cube Orange. Na buga masa baƙin akwati na robar PLA, na zuba Cube ɗin a ciki tare da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da rediyon sadarwa da na'urar rage wuta. Matsalata zafi. In na ajiye shi a rana kamar minti ashirin ina shirya aiki, akwatin ba ya taɓuwa, murfin ma har ya fara lanƙwasa, Pi ɗin ya yi nauyi, wani lokaci kuma jirgin ya tashi a karkace. Na sayi tamostat W1209, mai kunna fanka in zafi ya kai, da 'yar fanka mai milimita 40. Wani abokina kuma ya ce in sa Peltier akwatin ya zama kamar firji. A digiri nawa zan saita tamostat ɗin, kuma fankar ciki za ta hura ko waje? Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Amin, tare da kai. Idan na fahimce ka, abu biyu kake so in ba ka: lamba, da kuma inda fanka za ta fuskanta. Zan ba ka duka biyun. Amma da zan ce maka "sa 45, ka juya ta waje" in yi shiru, da na cuce ka, domin mazauna akwatin nan naka huɗu ne, kuma ba buƙatarsu ɗaya ba. Uku suna neman a raba su da zafi. Na huɗun, wato Cube ɗin da kake ta wannan hidima dominsa, ba sanyi yake nema ba, so yake zafinsa ya tsaya wuri ɗaya. Wanda bai gane wannan ba, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Abin da ƙwaƙwalwar ke so

Guntun STM32H7 da ke cikin Cube Orange, da sensocin juyi da motsi da ke tare da shi, yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 85. Ka ga ke nan digiri 50 ko 55 ba abin tsoro ba ne a wurinsu, ko da yatsanka ya ce maka wuta ce. Jikin ɗan Adam mugun ma'auni ne a nan: ƙarfe mai digiri 55 zuwa 60 ba za ka iya riƙe shi fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba, alhali lantarki bai ma fara gumi ba.

Abin da ke damun jairo, wato sensar juyi, da ma'aunin motsi shi ne sauyin zafi. Kowane jairo yana da ɗan kuskurensa na haihuwa: ko jirgi na zaune a ƙasa bai motsa ba, zai riƙa cewa akwai ɗan juyi. Lokacin da ka jona batir, ArduPilot, manhajar da ke cikin Cube, yana auna wannan kuskure ya cire shi, shi ya sa ake cewa kada a taɓa jirgi a daƙiƙoƙin farko. To amma kuskuren yana tafiya ne da zafi. Wanda aka auna a digiri 27 ba shi ne na digiri 55 ba. Ka fito da jirgi daga mota mai sanyi, ka jona batir nan take, ya yi awonsa yana sanyi, sannan ka bar shi minti ashirin a ranar Dodowa: awon da ya riƙe ya tsufa tun bai tashi ba. Ina kyautata zaton nan ne karkacewarka take fitowa, ko da yake bayanan tafiyar ne za su tabbatar, zan zo kansu.

Saboda wannan ne masu ƙera Cube suka saka masa hita a ciki. E, hita. Akwai 'yar rasista kusa da sensocin da ke ɗumama su zuwa wani zafi da aka zaɓa, ta riƙe su a nan. A ArduPilot sunan wurin saitin BRD_HEAT_TARG, kuma akasari yakan zo a digiri 45. Wato Cube ɗinka tun daga kamfani yana da tamostat nasa, kuma wanda ya fi W1209 ƙwarewa nesa ba kusa ba, don ba kunnawa da kashewa kawai yake yi ba, yana ƙara wuta yana ragewa a hankali. Rauninsa ɗaya ne: ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Muddin cikin akwati bai kai 45 ba, shi ne mai iko. Da zarar cikin akwati ya haura 45, hita ta mutu, zafin sensoci ya koma bin rana da gajimare. Wannan 45 ɗin ya dace da ƙasashen sanyi. Mu da inuwarmu kanta takan kai 32 ko 33 a Fabrairu da Maris, tazarar da ta rage mana kaɗan ce.

Yanzu ka hango abin da zai faru in ka saita fanka tana hura Cube kai tsaye, tamostat yana kunna ta yana kashewa. Fanka ta tashi, zafi ya faɗo, hita ta yunƙura tana jan wuta. Fanka ta mutu, zafi ya koma sama. Kai da kuɗinka ka sayo wa jairo ainihin abin da ya fi ƙi.

Daga ina zafin yake zuwa

Kafin a yi maganar fitar da zafi, a ƙirga masu kawo shi. Bari mu ɗauka akwatinka santimita 15 ne a tsawo, 10 a faɗi, 6 a tsayi. Cube da hitarsa ba su wuce wat 2 zuwa 3 ba. Pi 4 yakan ci wat 3 yana zaune, ya kai 6 ko fiye in yana aiki sosai. Rediyo da na'urar rage wuta su ƙara nasu. A dunƙule, ka ce wat 10.

Sai rana. Da tsakar rana, sama a washe, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kusan wat 1000. Murfinka na 15 sau 10 yana tarar wat 15 daga ciki, baƙin launi kuma yana shanye kusan kashi 90 cikin ɗari. Wat 13 ke nan. Dubi abin da kyau: rana ita kaɗai ta fi duk kayan lantarkin da ke akwatin zuba zafi. Farin murfi zai sha kamar wat 4 ne kawai.

Lissafin kan gwiwa da nake yi a shago shi ne, akwati irin wannan in babu iska yana zubar da kamar wat 0.6 a kan kowane digiri ɗaya da ya fi waje zafi. Baƙi a rana, wat 23, ya ba ka ƙarin digiri 38 a kan 33 na gari, ka haura 70. Fari a rana, wat 14, wajen 56. A inuwa kuwa wajen 50. Ba lissafin ɗakin gwaji ba ne, amma ya isa ya nuna maka inda ɓarawon yake. Kuma murfinka ya riga ya ba da shaida, domin PLA tana fara laushi ne wajen digiri 60. Tunda ta lanƙwasa, to ta kai nan. Wannan akwati ka yi bankwana da shi. Ka sake buga wani da PETG, wadda ke jurewa har wajen 80, ko ASA in ka samu, ita ta kusa 100 kuma rana ba ta cinye ta da wuri. Fari, ko ruwan toka mai haske. Na san baƙi ya fi kyau a hoto, duk yaran da ke zuwa wurina a Asawase ta Kumasi baƙi suke so, amma mai awon fili ba kyan jirgi yake biya ba.

Ka kuma duba na'urar rage wutar nan da idon basira. In irin mai ƙona rarar wuta ce, dangin 7805 da 7812, ita ma murhu ce. Batir 6S a cike bolt 25.2 ne. Ka sauko da shi 5 da irin wannan guntu, ka ja rabin amfiya, wat 10 ne ke tafiya a zafi, kai kuma ka amfana da 2.5 kacal. Mai yanka wuta da sauri, wadda ake gane ta da naɗin waya a kanta, asararta a aiki iri ɗaya ba ta kai rabin wat ba. Na faɗi haka ne don W1209 ɗinka bolt 12 yake ci, batirinka kuma 25 ne, ka ga sai ka ƙara wata na'urar rage wuta dominsa. In ka ɗauko 7812 daga Zongo Lane ka liƙa, fanka da rile, wato makunnin da ke cikin W1209, suna jan amfiya 0.2, ka ƙara wa akwati wat 2.6 na zafi da sunan sanyaya shi.

Wani abu da ka faɗa da bakinka, wataƙila ba ka lura da nauyinsa ba: zafin yana kama ka ne a ƙasa, kana shirya aiki. A sama farfela shida suna zubo iskar da fanka ɗari irin taka ba za su yi ba. Lokutan haɗari biyu ne, jiran GPS da loda taswira kafin tashi, da kuma 'yan mintocin bayan sauka, sa'ad da iska ta tsaya amma kayan ciki suna nan da zafinsu. Laima ɗaya ta 'yan kasuwa, ko ɗan farin ƙyalle a kan jirgi har zuwa lokacin tashi, ta fi tamostat aiki a wannan gaɓar. Ni ina yawo da tsohuwar laimar masu sayar da katin waya a bayan mota, ana yi mini dariya, ban damu ba.

Peltier

Ka gaishe mini da abokinka, amma a bar maganar nan. TEC1-12706 da ake samu a kasuwa, wato Peltier ɗin da in an ba ta wuta fuska ɗaya ke yin sanyi ɗaya ke yin zafi, tana iya jan amfiya 4 zuwa 6 a bolt 12, wato wat 50 zuwa sama, kuma duk wannan wutar zafi take komawa a ɗaya fuskar, haɗe da wanda ta zuƙo. Sai ka ɗaura mata ƙaton alminiyum da babbar fanka, nauyi ya ƙaru, mintocin tashi su ragu. Mafi muni shi ne raɓa. Iskar Accra jiƙaƙƙiya ce, duk abin da sanyinsa ya sauka wajen digiri 24 zai fara gumi kamar ledar ruwa da aka fiddo daga firji. Gumin nan a kan allon lantarki zai kwanta, tare da ɗan gishirin teku da ke cikin iskarku. Garin neman gira a rasa ido.

Wannan raɓar dai ita ce dalilin da ya sa nake hana jona batir da zarar an fito da jirgi daga mota mai sanyi. Ba shi minti goma a inuwa ya saba da gari.

Fanka da ma'aunin tsayi

Nan zan daɗe, don nan ne na taɓa ƙonewa.

Jirginka yana sanin tsayinsa ne da barometa, 'yar sensa mai auna nauyin iska. A kusa da teku, duk mita 8 da ka hau nauyin iska yana raguwa da kamar pascal 100. Wato pascal 12 mita ɗaya ke nan. Fanka mai milimita 40, in ta samu akwatin da ba shi da isasshiyar mafita, tana iya matsa iska da pascal 15 zuwa 30. Raba da 12. Mita ɗaya da wani abu, har zuwa biyu da rabi, na ƙarya tsagwaronta.

Shekarun baya na yi wa wani jirgi nawa mai farfela huɗu irin aikin da kake shirin yi. Fanka tana hurawa ciki, 'yan ramuka ƙanana a baya don ina tsoron ƙura, tamostat a tsakani. A kan tebur abin gwanin sha'awa. Muka fita wani fili bayan Ejisu, na tsayar da shi a sama ya riƙe wurinsa da kansa. Yana tsaye lafiya, sai kawai ya ɗaga sama kamar tsayin mutum ba wanda ya taɓa shi. Bayan ɗan lokaci ya sulalo ƙasa. Ya sake hawa. Na zargi GPS, na zargi iska, har na fara zargin batir. Sai da na koma gida na buɗe bayanan tafiya na ga layin barometa yana tsalle daidai lokacin da fanka ke tashi. Fanka ta hura ciki, nauyin iska a akwati ya ƙaru, barometa ya ce jirgi ya faɗo, ƙwaƙwalwa ta ƙara wuta ta hau. Ba laifinta, abin da aka gaya mata ta bi. Na gode Allah da ciki take hurawa. Da waje take zuƙowa, da akasin haka ne zai faru: nauyi ya ragu, jirgi ya ɗauka ya hau, ya sauko ya gyara. A mita uku daga ƙasa wannan ba labarin dariya ba ne.

To ka ga amsar tambayarka ta biyu: ciki da waje kowanne da irin ƙaryarsa, in har barometa yana ɗaki ɗaya da fanka. Maganin shi ne a raba ɗaki. Ka sa bango a sabon akwatin. Ɗaki ɗaya na Cube shi kaɗai, ba fanka, da 'yar ƙofar numfashi da aka toshe da soso mai shan iska, a gefen da iskar farfela ba ta dukansa kai tsaye. Ɗaya ɗakin na Pi da rediyo da na'urar rage wuta, shi ne mai fanka. Ramin da wayoyi ke bi tsakanin ɗakunan a cike shi da soso ko gam. A ɗakin zafin, ni nakan sa fanka ta hura ciki, ta bi ta kan ƙarfen zuƙar zafi na Pi, ta fita ta ramukan da jimillar faɗinsu ya kai na bakin fankar ko ya fi. Dalilina na zaɓar ciki shi ne ƙura: iska ta ƙofa ɗaya take shiga, sai in sa mata raga a nan, maimakon ta riƙa tsotsowa ta kowace tsaga. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ragar tana toshewa da wuri, a riƙa kakkaɓe ta duk fita.

Kada ka damu da ƙarfin fankar. Don fitar da wat 10 iska ta ɗumama da digiri 10 kawai, kamar lita 50 a minti ake bukata, kuma mai milimita 40 tana ba da fiye da ninki biyun haka in hanya a buɗe take. Hanyar ce matsala kullum, ba fankar ba.

Sauran illolinta biyu a taƙaice. Akwai mayen ƙarfe a cikinta, rile ɗin W1209 ma naɗin waya ne da ke zama mayen ƙarfe in ya kama, kuma kamfas, mai nuna wa jirgi arewa, ba ya shiri da su. A nesanta su da shi santimita 10 zuwa 15, kamfas na kan sandar GPS ya zama shi ne na farko. Sannan girgiza: fanka mai juyi 9000 a minti tana karkarwa sau 150 a daƙiƙa, cikin yankin da jairo ke ji. A ɗaure ta da roba, kada ta haɗa faranti da Cube.

Lambar da ka tambaya

Tamostat ba ya sanyaya komai, makunni ne kawai, fanka kuma ba ta iya kai ka ƙasa da zafin iskar waje. Wanda ya saita 30 a Accra ya sa fanka aikin har abada, da ma ya jona ta kai tsaye ya huta. Kan sensar kuma ba a rataye shi a iska. A manna shi jikin abin da ake karewa, a wurinka ƙarfen da ke kan Pi, da ɗan man zafi irin na masu gyaran kwamfuta a Tip Toe Lane, a rufe bayansa da tef don kada iskar fanka ta ruɗe shi. Pi 4 yana fara rage gudu ne a digiri 80, wannan shi ne nauyin da kake gani, kuma cikin guntun kullum ya fi ƙarfen da ke kansa zafi da 'yan digirori.

Ni zan kunna a 55, in kashe a 45. A W1209, P0 ka sa shi a C, wato sanyayawa; babbar lambar ka sa 45; P1, wadda ita ce tazara tsakanin kunnawa da kashewa, ka ɗaga ta zuwa 10. Daga kamfani takan zo a 2, kuma da 2 za ka ji rile yana ƙas-ƙas ba hutu. In ka gwada a inuwa ka ga fanka ba ta iya sauko da shi 45 ba, ɗaga babbar lambar da biyar, ko ka faɗaɗa ramukan fita.

Sai dai gaskiya ni ba na son W1209 ya hau jirgi. An yi shi ne don injin ƙyanƙyasar ƙwai da makamantansu, abubuwan da ke zaune wuri ɗaya. Rile yana da harshen ƙarfe mai motsi, jirgi kuma girgiza ce sana'arsa. Ka riƙe shi a tebur, ma'aunin zafi ne mai kyau wajen gwaji. A jirgi KSD9700 ya fi: ɗan abu kamar ƙwayar wake, ƙarfe biyu ne a manne da ke lanƙwasa in sun ji zafi, ba ya cin wuta, ba ya bukatar bolt 12, nauyinsa giram ɗaya ko biyu. Nemi mai 50 ko 55, mai alamar NO, wato wanda yake a buɗe sai zafi ya kai ya rufe. Mai NC akasin haka yake yi, zai kashe maka fanka daidai lokacin da ake nemanta. Tazararsa a jikinsa take, sai ya huce da digiri 10 zuwa 15 yake saki. Ba shi da daidaito sosai, yana iya kuskure da digiri 5, amma wannan aikin ba ya neman fiye da haka. Ɗauki mai rigar roba. Wanda hannunsa ya faɗa da dalma yana iya haɗa sensar zafi NTC mai 10k da guntun LM393 da ƙaramin MOSFET, wato makunnin lantarki, ba abin da ke motsi a ciki. In za ka bi nan, tsara shi yadda in wayar sensa ta tsinke fanka za ta kama, ba ta mutu ba.

Ko wanne ka zaɓa, wutar fanka kada ta fito daga layin bolt 5 da ke ciyar da Cube. Ranar da ƙura ko ɗan tsinke ya cije fankar ta ja wuta, ba ka so ƙwaƙwalwa ta yi atishawa a sama.

Akwai hanyar da na fi so yanzu, tunda kana da Pi a jirgin. Pi ya san zafin cikinsa, kuma yana jin Cube ta MAVLink, yaren da suke magana da juna, ya san ko an tayar da injina ko ba a tayar ba. Sai ya tuƙa fankar ta MOSFET: a ƙasa ta yi ta aiki in zafi ya kai, a sama kuma kada ta sauya hali, ko ta tsaya a kunne ko a kashe har a sauka. Ana iya yin irin wannan da ɗan rubutun manhaja na Lua a cikin Cube ɗin kansa. Abin lura ɗaya: ArduPilot yana ɗaukar tsayin ƙasa a matsayin sifili ne lokacin tayar da injina, don haka halin da fanka za ta kasance a sama ta shige shi tun 'yan daƙiƙoƙi kafin nan.

Shi kuma Cube

Bayan farin akwati da raba ɗaki da laima, duba zafin da ɗakinsa ke kaiwa a rana mafi zafi. In yana tsayawa ƙasa da 40, bar BRD_HEAT_TARG a 45. In yana taɓa 45 ko 50, ɗaga shi zuwa 55 ko 60, don hita ta dawo da ikonta. Na san abin yana yi wa kunne banbaraƙwai, mutum ya zo kukan zafi a ce ya ƙara zafi, amma haka ne. Bayan ka sauya, jira ya kai sabon zafin, ka sake awon ma'aunin motsi da na daidaiton ƙasa a wannan zafin. A fili kuma, jona batir, bar shi ya ɗumama ya tsaya, sannan ka sake kunna ƙwaƙwalwar daga Mission Planner, manhajar kwamfuta da ake saita jirgi da ita, don jairo ya yi awonsa da zafin da zai tashi da shi. Daga ArduPilot 4.1 akwai kuma awon da ke koya wa allo yadda kuskuren sensocinsa ke tafiya da zafi, saitunan da suka fara da INS_TCAL. An fi bukatarsa a allunan da ba su da hita, amma yana nan in ka so.

Wata dabara da ba ta bukatar fanka sam: gindin ɗakin zafi ya zama farantin alminiyum mai kauri milimita ɗaya da rabi ko biyu, fuskarsa ɗaya a waje inda iskar farfela ke wucewa, Pi da na'urar rage wuta a manne da shi ta ciki. Alminiyum ya fi roba wuce da zafi kusan sau dubu. A Suame Magazine nake yanko nawa, ku ma ba za ku rasa mai yanka ba. Ba ya ruɗa kamfas, sai dai kusoshin ƙarfe suna yi, kuma yana tare siginar rediyo, don haka eriya a waje. Jiragen da na yi wa haka, fankarsu takan yi yini ba ta tashi ba.

Duk wannan a kan bayaninka na gina shi, ban riƙe jirgin a hannu ba, kuma karkacewa tana da wasu iyayen: soson da Cube ke zaune a kai in ya yi laushi da zafi, ko farantin PLA da ke ƙarƙashinsa in shi ma ya lanƙwasa kamar murfin, ko hannun injin da ya murɗe. Farantin nan ka fara dubawa, da ruwan awo na magina. Maganata kuma ta tsaya ne a kan jirage irin naka. Manyan masu feshin magani da akwatinsu ke rufe ruf saboda sinadari, ba a huda su, umarnin maƙerinsu ake bi.

Gwajin da zan so ka yi kafin ka sayi komai: cire farfelu duka, sa LOG_DISARMED a 1 don ya riƙa rubutu ko ba a tayar da injina ba, ajiye jirgin a rana minti talatin yadda ka saba. Washegari a lokaci ɗaya ka maimaita da farar takarda a kan murfi. A Mission Planner buɗe layin T na IMU, wato zafin sensocin juyi da motsi, da Temp da Alt na BARO, wato zafi da tsayin da barometa ya rubuta, ka ɗora na jiya a kan na yau. In ka haɗa fankar, kunna ta ka kashe da hannu sau biyar kana kallon Alt. In yana motsi fiye da santimita 20 ko 30, bangonka yana yoyo. Wannan duk a tsakar gida za ka yi shi. Gwajin tashi kuwa ba a Nima ba, kun yi kusa da filin jirgin sama ƙwarai, kuma ina fatan ka yi wa jirgin rajista da hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana. Fita can Dodowa, fili fetal, ka fara da mita goma, ka tsayar da shi har fanka ta kama ta saki aƙalla sau biyu kana kallo. Ka aiko mini da bayanan kwana biyun nan in duba, musamman mintoci goma na farko bayan jona batir.